Shekarar da Na Fitar da Benci daga Ɗakin Uwarku

Har yau, idan kun taru a gidan nan lokacin Kirsimeti, sai wani a cikinku ya ɗauko zancen shekarar da uwarku ta kwanta, kuma da na shigo sai a rage murya. Kunnena bai mutu kamar yadda kuke zato ba. Rifkatu, ke da kike babba, na san kin taɓa gaya wa mijinki cewa Baba ya kori masu dubiya, ya bar Mama da ciwo ba magani. Ban ji haushi ba, domin daga inda kike tsaye a lokacin haka abin ya yi kama. Amma a cikin duk abubuwan da na yi a rayuwata, da tafiye-tafiyen da yarukan da na koya da irin dawar da muka raba wa manoma a ƙasashe, babu wanda nake alfahari da shi kamar abin da na yi da wani tsohon benci na katako a wannan gida na Samaru. Saboda haka ga shi na rubuta muku, ku zauna ku ji yadda aka yi.

Kun san uwarku Hannatu ba macen zama ba ce. Duk shekarun da aikin binciken iri yake jefa ni Yamai da Bamako da Marwa ta Kamaru, har ƙasar Indiya, ita ce ta riƙe gidan nan da rumfarta ta wake da acca a kasuwar Sabon Gari. Da sassafe take shiga bas, ba ta dawowa sai rana ta yi sanyi. Ban daɗe da yin ritaya ba, a lokacin da wayar hannu ta fara shiga aljihun mutane, ɗan acaɓa ya zubar da ita a Kwangila tana dawowa daga kasuwa. Ƙashin ƙugunta ya tsage, bayanta ya bugu. Aka yi jinya, ƙashi ya haɗe, aka sake ɗaukar hoto, likita ya ɗaga shi a gaban fitila ya nuna mini da kan biro cewa komai ya koma wurinsa. Sai dai ciwon bai ji wannan labari ba. Damina ta wuce, wata daminar ta zo, uwarku tana kwance. Ciwon da ya fara a ƙugu ya hau baya, ya sauka ƙafa, har ta kai ko zani aka ja a kan wurin sai ta cije leɓe.

A wannan lokacin ƙwayoyi ne abincinta. Akwai waɗanda asibiti ya rubuta, akwai waɗanda ake sayowa a kemis, akwai kuma waɗanda masu dubiya ke kawowa a ƙulle a bakin zani, kowa da wanda ya yi wa ƙanwar kakarsa aiki. Wata safiya ta yi amai da jini. A asibiti suka ce magungunan kashe zafin sun ci mata ciki, ta samu gyambo, kuma idan aka ci gaba a haka ƙoda ce za ta biyo baya. Ku lura da wannan: ba ni na hana ta magani ba. Cikinta ne ya hana. Muka dawo gida da ciwon da muka tafi da shi, kuma babu abin da za a haɗiya a kwantar da shi.

Yanzu bari in yi maganar dubiya. Na ga yadda ake duba mara lafiya a wurare da yawa. A Indiya na ga dangi suna kwana a ƙarƙashin gadon asibiti. A Bamako ana zuwa da butar shayi a yini ana dafawa. A ƙasar Turawa, inda na je wani kwas, na ga tsoho shi kaɗai a ɗaki, daga shi sai fure a kwalba, abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Babu inda ya kai mu, kuma ba zan taɓa kushe wannan hali namu ba. Tun ranar da uwarku ta kwanta aka ɗauko dogon bencin da ke baranda aka shigar da shi ɗakinta, kuma bencin nan bai taɓa yin sanyi ba. Matan zumunta na cocinmu, maƙwabtanmu Musulmi, abokan kasuwarta, 'yan uwa daga Bomo, wasu na tashi wasu na zama. Ni da ba ni da ofis ɗin zuwa, sai na zauna a bakin ƙofa ina saurare. Kowace ta shigo, tambayar ɗaya ce: ya jiki, ina ne yake miki ciwo. Sai uwarku ta kai hannu wurin, ta ɗauko labari tun daga Kwangila. Idan ta gama, sai mai dubiya ta biya ta da nata labarin, na wata a ƙauyensu da ta yi irin wannan faɗuwar, har ta mutu ba ta sake takawa ba. A yi addu'a, a tafi. Na lura da safe fuskarta a sake take, amma kafin yamma, bayan ta ba da labarin nan sau da yawa, ko juyi ba ta iya yi.

Ban san me zan yi da abin da na lura da shi ba, sai da aka tura mu wurin wata likita a babban asibiti, mai koya wa marasa lafiya motsa jiki. Yarinya ce, ba za ta girme ki ba, Rifkatu. Ta duba hotunan, ta lanƙwasa ƙafar uwarku ta miƙe, ta yi tambayoyi a kan barci da abin da take yi da rana. Daga nan ta jawo kujera ta zauna kusa da ita, ta riƙe hannunta.

"Mama, ƙashinki ya warke. Amma ba ƙashi ne ke yanke hukuncin a ji zafi ba, ƙwaƙwalwa ce. Jiki yana aika mata saƙo, ita kuma ta duba ta ga ko akwai haɗari. Idan ta ga akwai, sai ta kunna zafi don ki tsaya."

Uwarku ta zare hannunta daga na likitar.

"Wato ƙarya nake yi. Shekara guda ina kwance ina wasa da mutane."

"A'a, Mama. Zafin da kike ji na gaske ne, kamar na ranar da kika faɗi. Kina da maigadi a gida?"

"Muna da kare."

"To, a ce ɓarayi sun taɓa shigowa sun doke shi. Tun daga ranar, ko ganye ya faɗo sai ya yi haushi. Haushin na gaske ne, yana hana kowa barci, amma babu ɓarawo. Ba kashe karen za mu yi ba, kina bukatarsa. Koya masa za mu yi, a hankali, cewa ganye ganye ne."

Tana wannan magana sai wani mutum ya faɗo mini a rai. A Marwa mun yi aiki da wani tsohon direba, Malam Usmanu, wanda aka yanke wa ƙafa daga gwiwa bayan haɗarin mota. Muna zaune muna hira da Fillanci sai ya sunkuya yana sosa iska, a daidai inda babban yatsansa yake a da, yana cewa yatsan nan ya hana shi sakat tun jiya. A lokacin na ɗauka zolaya ce. Na kuma tuna wani manomi a ƙasar Mali da fartanya ta sare shi a ƙafa muna cikin saurin gama aiki kafin hadari ya sauko, bai san ya ji rauni ba sai da wani ya nuna masa jini. Ga zafi ba ƙafa, ga sara ba zafi. Shekaru ina ɗauke da waɗannan abubuwa biyu a kaina ban san abin da suke nufi ba, sai a ɗakin yarinyar nan suka haɗu. Na gaya mata abin da nake gani a gida game da masu dubiya. Ta ce duk abin da ke tuna wa ƙwaƙwalwa haɗari yana ƙara wa karen haushi, kuma kwanciya ita kanta tana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa har yanzu jiki a karye yake. Ta ce uwarku ta fara tashi tana takawa kaɗan kaɗan, kuma a sama mata dalilin tashin.

Washegari da safe na kai wa uwarku kunu, na gaya mata ina so in fitar da bencin masu dubiya daga ɗakinta.

"Malam, an raba ni da magani, yanzu kuma za ka raba ni da mutane?"

"Ba zan raba ki da su ba. Su za su zauna a waje, ke za ki je wurinsu."

"Idan na faɗi a tsakar gida fa? Kai za ka ɗauke ni da wannan bayan naka?"

"In na kasa, sai mu kwanta tare a wurin har wani ya zo."

Ta yi 'yar dariya, ta riƙe ƙugu, ta ce in gwada, amma in sani idan abin ya ɓaci sunana za ta kira. Da yardarta na ɗauki bencin. Ina so ku riƙe wannan.

Na ajiye shi a baranda, na ɗora tiren wake a kai. Wadda ta fara zuwa ita ce Mama Laraba, uwar zumuntar mata, da wasu mata biyu a bayanta. Ta gaishe ni ta nufi ɗaki kamar kullum, na ce su zauna nan, mai jikin tana fitowa. Na kuma roƙe su abu ɗaya, cewa kada a tambaye ta jiki.

"Malam Bitrus, a zo dubiya kuma a ƙi tambayar jiki? To me za mu ce mata?"

"Ku gaya mata wa ya yi faɗa da wa a zumunta. Ku taya ta tsince waken nan."

"Wannan a wace ƙasa ka gano shi? Mu dai nan Zariya ba haka muke yi ba."

"Na sani, Mama. Na roƙe ki ne."

Suka zauna, fuska a ɗaure. Uwarku ta fito tana dafa bango, gumi na keto mata, ta zauna a bakin bencin kamar mai zama a kan ƙaya. Aka yi shiru mai nauyi, domin an cire wa mutane kalmar da suka saba buɗe baki da ita. Can sai ɗaya daga cikin matan, don ta kashe shirun, ta ce ai an canza mai ba da waƙa a zumunta. Uwarku ta ce wa aka sa. Aka faɗi suna. Ta ce wannan da muryarta kamar ana jan kujera a siminti? Suka kwashe da dariya, har Mama Laraba. Aka tsince rabin tiren kafin ta ce ta gaji. Da ta koma ɗaki zafin ya taso mata sosai, ta kuwa kira sunana kamar yadda ta yi alkawari. Na dafa ruwa na gasa mata bayan da tawul, na zauna ina tuna mata yadda likitar ta koya mata jan numfashi a hankali da sauke shi a hankali, tana gaya wa kanta cewa ƙashi ya warke, ganye ne ya faɗo.

Haka muka ci gaba. Idan baranda ta zama ba komai a wurinta, sai in matsar da bencin gaba kaɗan. Daga baranda ya koma gindin mangwaro, daga mangwaro ya koma kusa da rijiya, daga nan ya isa zaure. Ba na matsar da shi sai na tambaye ta, wani lokaci ta ce a bar shi nan tukuna, a bar shi. Ta daina barcin rana don na dare ya samu. Ta koma rera waƙoƙin zumunta tana tsintar wake, ta ce idan tana waƙa karen yakan kwanta. Sunan da ta ba ciwon ke nan har yau, karen. Amma a waje magana ta riga ta bazu. Aka ce na gaji da jinya ne. Aka ce boko ya yi mini yawa, na ce ciwon matata a kai yake, wato ta taɓu. Aka kai ƙarata wurin fasto, ya kira ni ya saurare ni da kyau, bai ce na yi daidai ba, bai ce na yi kuskure ba. Da aka zo zaɓen dattawan ikkilisiya a ƙarshen shekarar, kujerar da na daɗe a kanta aka ba wani. Masu zuwa dubiya suka ragu. Ke ma, Rifkatu, kin zo daga Kaduna kin tarar da uwarki tana share gindin mangwaro tana cije baki, kika ƙwace tsintsiyar kika shiga ɗaki kina kuka, kika koma ba ki yi mini sallama ba.

Sai kuma uwarku ta yi abin da likitar ta gargaɗe ta a kai. Wata rana ta tashi jiki da sauƙi, ni kuma na shiga gari. Ta ga dama ta samu, ta wanke kayan gidan nan kaf, ta share ko'ina, har ta ɗauki taɓarya. Kafin in dawo ta zube. Kwanaki tana kwance, zafin ya dawo kamar farkon lamarin. A cikin waɗannan kwanaki ne yayanta Barnabas ya iso da motar haya daga ƙauye, domin labari ya kai masa. Shi ne ya ba ni aurenta bayan rasuwar mahaifinsu, saboda haka a wurina uba ne. Na tare shi a zaure na durƙusa na gaishe shi, na nuna masa benci. Ko kallon bencin bai yi ba, ya wuce ɗakinta, ni kuma ba ni da bakin hana shi. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa.

"Hannatu, tashi a haɗa kayanki. Akwai mai ƙaho da tsaga a wajenmu, kuma akwai masu kula da ke. Ban ba da ke don a mai da ke abin gwaji ba."

"Yaya, sannu da hanya. A kawo maka ruwa."

"Ba ruwa ya kawo ni ba. Mutumin nan ya ce ƙarya kike yi, ko ba haka ya ce ba?"

"Bai ce ba. Ni ce na faɗa, likita ta ce a'a."

"To dubi yadda kike kwance."

"Wannan ni na jawo. Na ji sauƙi na yi hauka da aiki. Zai sauka, ya taɓa sauka."

Ya juyo ya dube ni, ya ce in faɗa da bakina ko na yarda ta bi shi. Idan na ce a'a, na raina wanda ya ba ni mata. Idan na ce e, za a kwantar da ita a ɗaki a ƙauye, a kewaye ta da ƙauna da tambayar jiki, kuma na san a zuciyata ba za ta sake tashi ba. Na ce masa, Yaya, ga ta nan, abin da ta zaɓa shi za a yi. Ban taɓa jin tsoro kamar na wannan ɗan lokacin ba, domin na san irin zafin da take ciki, kuma da ta ce za ta tafi ba zan ga laifinta ba.

Ta ce a miƙo mata ɗankwalinta. Ta ɗaura, ta sauko da ƙafafunta ƙasa, ta zauna tana jan numfashi tana saukewa. Sannan ta miƙe.

"Yaya, ba zan bi ka ba. Amma ba za ka zo gidana ka tafi ba rakiya. Mu je in taka maka."

Ta wuce ni a bakin ƙofa ba ta dafa ni ba. Ta wuce baranda, ta wuce mangwaro, ta wuce rijiya, ta isa zaure inda bencin yake, na ɗauka nan za ta zauna. Ba ta zauna ba. Ta fita ƙofar gida, wadda ba ta taka ba sai in za a sa ta a mota zuwa asibiti, ta bi yayanta a hankali har bakin hanyar Bomo inda motar ke jira. Mai shagon da ke kusurwa ya fito yana kallo, matan maƙwabta suka leƙo. Ta tsaya har motar ta tashi, ta ɗaga masa hannu. Da muka juyo ta ce mini ƙasa ƙasa, Malam, yanzu kam riƙe ni, karen nan zai cinye ni. Na riƙe ta muka dawo.

Yaya Barnabas bai sake taka gidan nan ba. Yakan aiko mata da doya da gaisuwa, ni kuwa ko sunana ba ya sawa a ciki. Da ya rasu na je jana'iza na zauna a baya. Wannan yana cikin abin da na biya, tare da kujerar dattawa da shekarun da kika yi, Rifkatu, kina gaishe ni da baki kawai. Na ji zafinsu duka. Da za a mayar da ni waccan safiyar, da kunu a hannuna, bencin nan dai zan sake ɗauka.

Bayan girbi uwarku ta ce tana so ta ga rumfarta. Muka shiga bas zuwa Sabon Gari, ta zauna a gaba da ɗan matashin kai a bayanta. Maƙwabciyarta a kasuwa, Mama Obinna, wadda ta riƙe mata wurin duk tsawon lokacin nan ba ta bari an ba wani ba, ta hango ta ta taso da gudu ta rungume ta, sannan ta ja da baya ta riƙe ƙugu.

"Mama Rifkatu, zo ki karɓi mutanenki. Kullum suna zuwa, suna sayen wake nawa, suna cewa ba daɗi kamar naki."

"Ai ba ki iya tsincewa ba ne."

Ta fara da rabin yini, ranar da ta ji dama. Ta ce kujerar rumfar ta yi mata ƙasa, sai na ɗora bencin a kan bas aka kai mata. Can ya ƙare, yana nan har yau a rumfar da jikarmu ke zama yanzu. Ciwon bai tafi gaba ɗaya ba, kada wani ya gaya muku ya tafi. Idan sanyi ya shigo, ko ta kwana da damuwa, yakan taso. Sai ta gasa wurin, ta ja numfashi, ta rage aiki ba tare da ta kwanta ba, ta jira ya sauka. Kuma na ji an ce idan matan zumunta za su je duba wadda ta daɗe a kwance, kuma likita ya ce ta riƙa motsawa, Mama Laraba da kanta takan ce a tafi da tiren wake.

Da na gama rubuta wannan labarin na karanta wa uwarku a gindin mangwaro. Ta saurara har ƙarshe tana ɓare gyaɗa, ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Na tambaye ta ko akwai gyara.

"Ka yabi kanka da yawa," in ji ta. "Ka ƙara a ƙasa cewa kai benci kawai ka ɗauka. Tafiyar ni na yi ta."

Ga shi na ƙara.